Ciyawa ta taso wa dashen lemona a leda: in yi feshi ko in ci gaba da cirewa da hannu?

SabonMaiReno:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar renon lemo. Na kwashe 'ya'yan lemo daga komi na mayar da su leda, wajen 3,000. Tsayinsu bai wuce santimita 15 ba, ban kai ga yi musu aure ba tukuna, wato haɗa musu idon irin lemon da ake so a kan tushensu. To ciyawa ta taso mini haiƙan, cikin ledar akwai, tsakanin layuka akwai. Kafin mu kai ƙarshen layi da cira, farkonsa ya sake yin kore shar. Wani ya ce in sayi maganin ciyawa in feshe wurin gaba ɗaya, wai lemo itace ne ba abin da zai same shi. Hankalina bai kwanta da maganar ba. Akwai maganin da zai kashe ciyawa ya bar ƙaramin lemo? In babu, ku yaya kuke yi?

Baba_Lambu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye famfon nan tukuna. Wanda ya ba ka shawarar babbar bishiya yake tunani, mai kaurin ɓawo. Naka jikinsu kore ne tun daga tushe har kai, kuma koren ɓawo yana shan magani kamar yadda ganye ke sha. Faɗa mana wace irin ciyawa ce, kuma da me ka haɗa ƙasar ledar.

SabonMaiReno:
Baba, akwai harkiya da tuji da nonon kurciya, sai zaƙi-banza nan da can. Wadda ta fi damuna aya-aya ce. Ƙasar kuwa ta saman gona ce na haɗa da yashi da kashin shanu.

Baba_Lambu:
Kashin shanun ya ruɓe kafin ka haɗa?

SabonMaiReno:
Busasshe ne dai, amma ban tara shi ya ruɓe ba.

UwarDashe:
To ƙanena, nan ɗaya daga cikin ƙofofin take. Irin ciyawa da yawa yana ratsa cikin saniya ya fito da ransa, bushewar kashin ba ta kashe shi. Ranar da ya ji ruwa da taki a leda sai ya tsiro. Zafin tsibin taki ne ke kashe shi, in cikin tsibin ya kai digiri 55 zuwa 60 ya daɗe a haka, kuma ana juyawa don na gefe ma ya shiga tsakiya. Ƙasar saman gona ita ma cike take da irin da ya zuba shekara da shekaru. Na wannan zagaye ya riga ya wuce, amma ka riƙe don na gaba.

MalaminGona:
Bari in amsa tambayar kai tsaye, don da yawa suna rikita magungunan nan, a kira su duka "maganin ciyawa" alhali aikinsu ya sha bamban.

Gilaifoset ba ya zaɓe. Duk koren da ya taɓa yana shiga jikinsa ya gangara har saiwa. Ko ɗan feshin da iska ta kaɗo ya ishi ƙaramin lemo. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba ya nunawa nan take. Sai bayan mako ɗaya ko biyu, wani lokaci sai sabon toho ya fito, ka ga ganyaye ƙanana sirara sun cunkushe wuri ɗaya, dashen ya tsaya cak. Farakwat shi kuma ƙona abin da ya taɓa yake yi cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ya zuwa saiwa, don haka aya-aya da kiri-kiri suna dawowa. Shi wannan haɗarinsa ga mutum ya fi komai: ba shi da makari, ƙurɓi ɗaya na iya kisa, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. 2,4-D kuwa an yi shi ne don kashe mai faɗin ganye, lemo kuma mai faɗin ganye ne, ganyensa nannaɗewa yake yi ko daga nesa iska ta kawo shi.

Wanda ya yi kusa da abin da kake nema shi ne rukunin masu kashe dangin ciyawa mai siririn ganye kaɗai, irin su fuluwazifof. Zai kashe harkiya da tuji da kiri-kiri ya bar lemo. Amma ba zai taɓa nonon kurciya da zaƙi-banza ba, kuma ba zai taɓa aya-aya ba, don ita ba danginsu ba ce duk da kamannin ganye. Murza karanta tsakanin yatsu ka ji, kusurwa uku gare shi. Ko shi ɗin ma sai ka karanta takardar jikin kwalba ka ga an ambaci lemo, ka gwada a leda 20 ka jira mako uku kafin ka wuce nan.

Dan_Feshi_01:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma kada a tsorata mutum da yawa. Feshi aikina ne. Hanyoyin da ke tsakanin layuka ana iya yi musu gilaifoset lafiya lau in an sa murfi a bakin famfo, a sauke shi kusa da ƙasa, a rage ƙarfin bugawa don ɗigon ya yi kauri, a yi da sassafe kafin iska ta tashi. Leda 3,000 da hanyoyinta, da hannu kaɗai, mutum nawa zai ɗauka?

UwarDashe:
@Dan_Feshi_01 in hanyar tana da faɗi na yarda. Amma yawancinmu muna matse layuka ne don wuri, hanyar ba ta wuce mutum ɗaya ya ratsa ba, ganyen dashe yana leƙowa ta kowane gefe. A nan murfi ba ya hana komai.

Dan_Feshi_01:
To a irin wannan sai a shafa. A ɗaura soso a kan sanda, a tsoma a maganin, a matse, a goga wa ciyawar. Ba feshin da iska za ta kaɗa ko kaɗan. A sa safar hannu ta roba. Kuma ruwan haɗin ya zama garau, ruwa mai laka yana kashe ƙarfin gilaifoset, shi ya sa wasu ke cewa magani jabu ne alhali ruwansu ne.

MaiYabanya:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba: famfon maganin ciyawa daban, na maganin ƙwari daban. Na ga wurin renon da aka fesa maganin darɓa da famfon da aka yi 2,4-D da shi, an ce an ɗauraye. Duk sabon tohon da ke wurin ya murɗe. A rubuta a jikin famfon da fenti, don ba kullum mai wurin ke ɗauka ba.

Abu_Hafsa:
Ni gishiri na ji ana barbaɗawa a hanya, wai ciyawa ba ta sake fitowa.

MalaminGona:
@Abu_Hafsa don Allah kada a yi. Lemo yana cikin itatuwan da ba su jure gishiri. Ruwan ban-ruwa zai narkar da shi ya kwanta ƙarƙashin ledoji, ƙasar ledar ta tsotse shi ta ramukan gindi, bakin ganye ya ƙone ya zube. Wurin kuma ya lalace maka na dogon lokaci. Haka baƙin man inji, shi ma na ji masu zubawa.

Abu_Hafsa:
Na gode Malam, Allah ya sa na tambaya.

Baba_Lambu:
Mu koma kan abin da yaron nan zai yi gobe da safe. Cirar ciyawa a leda ita ma da yadda ake yi. Saiwar lemo da ke ci da sha a sama-sama take, sirara ce, kuma cikin leda ta sarƙe da ta ciyawa. In ka fizgo ƙatuwar harkiya a busasshiyar ƙasa, da saiwar lemon za ta fito, bayan kwana biyu ka ga dashe ya yi yaushi ka ce ciwo ne.

Ka ba da ruwa tukuna, ƙasa ta yi laushi. Ka sa yatsu biyu ka danne ƙasar gefe da gefen dashen, ka zare ciyawar da ɗaya hannun a hankali. Wadda ta riga ta girma kada ka zare, yanke ta da wuƙa daidai fuskar ƙasa ko ƙasa kaɗan. Harkiya da tuji da zaƙi-banza in ka yanke ƙasa da inda suke toho sun tafi. Sannan ka mayar da ƙasar da ta tashi.

Wahalar da kake sha ta jinkiri ce. Ciyawa mai ganye biyu, shafa ta kawai za ka yi da ɗan yatsa ta mutu, mutum ɗaya ya bi ɗaruruwan ledoji kafin rana ta yi zafi. In ka bari ta kai tsayin dashen, aikin ya ninka, ɓarnar ma ta ninka. Ka sa rana a kowane mako ko da ka ga kamar babu komai. Abin da aka cire kuma a kwashe a buhu a fitar, kada a zubar a hanya. Balasa da kiri-kiri ko gaɓa ɗaya ta samu danshi kamawa take yi, mai iri kuma tana ƙarasa nunar da irinta ko an cire ta.

SabonMaiReno:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Aya-ayar fa? Yau ka cire, jibi ta leƙo.

Baba_Lambu:
Ita ba ganyen ne ita ba, ƙwayar da ke ƙasa ce. In a leda take, ledar da ke da ita ka ware gefe. Ka sa tsinke ka bi karan a hankali, sau da yawa ƙwayar ba ta da nisa. In ta yi zurfi ka bar ta, ka dinga tsinke ganyen duk fitowa.

MalaminGona:
Ƙari a kan maganar Baba. Duk lokacin da aya-aya ta yi sabon toho, daga abincin da ta tara a ƙwayar take ci. Ba ta fara mayar da shi sai ganyenta ya kai biyar ko shida. In kana cire ta kafin nan, kowane mako biyu, ƙwayar tana ramewa har ta gaza. In ka bari ta wuce nan, ta biya bashinta har ta haifi sababbi. A ƙasa kuma ƙwayoyin a jere suke kamar carbi, wasu suna barci. Sara da fartanya yana tsinka jerin, masu barcin su farka, shi ya sa take ƙaruwa bayan noma. Rauninta biyu ne: ba ta son inuwa, kuma in aka tono ƙwayar ta sha rana ta bushe sarai, ta mutu. Zagaye na gaba ka tankaɗe ƙasar da rariya kafin cika leda.

Hajiya_Furanni:
Ni ɓuntun shinkafa ne ya sauƙaƙa mini. Bayan an cire ciyawa tas, sai a zuba shi saman ledar kaurin santimita 2 zuwa 3. Yana tare haske, kuma samansa saurin bushewa yake yi, irin da iska ta kawo ba ya samun danshin tsirowa. Ban-ruwa ma ya ragu mini. Aya-aya dai tana huda shi, wannan ba zan ɓoye ba.

MaiYabanya:
Hajiya, ɓuntu ɗanye ai da irin shinkafa da na ciyawar fadama yake zuwa. Wani ya sa a wurinmu sai ga shinkafa ta tsiro a leda.

Hajiya_Furanni:
Na shinkafar da aka turara nake nema, zafin ya riga ya kashe irin. In ban samu ba sai a babbaka shi sama-sama ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba.

Abu_Hafsa:
Dusar katako fa? Ba ta jawo gara?

UwarDashe:
Tana iya jawowa, musamman in ledojin a kan ƙasa suke kai tsaye. Busasshiyar ciyawa ma haka. Sannan in ɗanyar dusar ta cakuɗe da ƙasar, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita suna janye sinadarin naitirojin, ganye ya yi rawaya. A sama kawai za ta zauna, kuma wadda ta kwana biyu ta fi. Ita kuma tana yin ɓawo in ta bushe, ruwa ya dinga zamewa ta gefen leda.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ina bin maganar shimfiɗar nan, akwai abin da nake so a ja kunne a kai, don ya fi ciyawa kisa. Ko ɓuntu ne ko dusa, kada ya taɓa jikin dashen. A bar fili kamar faɗin yatsa biyu kewaye da tushe. Danshin da ke daɗewa a wuyan lemo shi ke buɗe ƙofa ga ciwon ruɓewar tushe, wanda ɓawo ke tsagewa yana fitar da ƙaro. Ciyawar da ta lulluɓe tushe ita ma hakan take yi, tana hana iska ratsawa. Kuma fartanya ko wuƙa ta ƙwarzani ɓawo, nan ciwon ke shiga. Wane irin tushe ka shuka ne?

SabonMaiReno:
Lemon tsami mai kaushin ɓawo ne, Yallaɓai.

Tsohon_Ma'aikaci:
To shi yana da saurin girma da jure fari, amma ba ya jure wannan ciwon. Sai ka ƙara kula. In ka zo aure kada ka yi ƙasa-ƙasa, ka ɗaga santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa ko fiye, don ruwan da ke fantsamo ƙasa kada ya kai ga saman.

MaiYabanya:
Shi ya sa ni Kiliyofatira nake so, wani irin lemo ne da ake shukawa don a yi aure a kansa.

Tsohon_Ma'aikaci:
Tana da kyau, tana ma jure gishiri fiye da shi. Amma nawar girma gare ta a wurin reno, tana daɗewa kafin ta kai kaurin fensir. Tsawon zaman nan kuwa ƙarin watannin cirar ciyawa ne. Kowanne da nasa.

Dan_Feshi_01:
Mun bar maganar magani ba mu gama ba. Manyan wuraren reno ai suna amfani da magungunan hana tsiro, irin su fendimetalin, a sa bayan an cire ciyawa, a ba da ruwa ya kama saman ƙasa. Ba su da ma'aikatan da za su bi leda dubu ɗari da yatsa. Me ya sa mu za mu tsaya a hannu?

MalaminGona:
Gaskiya ne suna yi. Amma duba bambancin. Su suna auna adadi daidai, sun san irin ƙasar da ke ledarsu, kuma suna jira dashe ya kafu ƙasar ta zauna. Irin wannan magani aikinsa hana saiwar da ke fitowa girma. A leda mai yashi, ana ba ta ruwa kullum, yana iya gangarawa ya iske saiwar lemon, kuma a leda saiwa ba ta da wurin gudu. Kuskuren murfin kwalba ɗaya a famfo ya isa. Diyuron kuwa, wanda ake sawa a gonakin lemo manya, ba na dashen da bai shekara ba ne sam, balle a yashi. Kuma duk cikinsu babu wanda zai raba shi da aya-ayar da ya ce ta fi damunsa. Ga mai leda 3,000 da ya fara bana, ni ban ga ribar kasadar ba.

Dan_Feshi_01:
A cikin leda na yarda. A hanya da kewayen shinge ina nan a kan bakana.

UwarDashe:
Hanyar ma akwai mafita ba magani. A share wurin, a shimfiɗa baƙar tabarmar roba saƙaƙƙiya, wadda ruwa ke ratsawa haske ba ya ratsawa, a jera ledoji a kai. Ta hana ciyawa, ta hana saiwar lemo hudo leda ta kama ƙasa. In ba ta samu ba, baƙar leda mai kauri da tsakuwa a kai, amma a yi wa wurin gangare don kada ruwa ya kwanta. Kewayen shinge kuma a sassabe kafin ciyawa ta yi fure, daga nan iska ke kwaso iri, nan kuma darɓa ke fakewa ta dawo kan sabon toho.

Ummu_Sadiq:
Ba wanda ya ambaci gasa ƙasa da rana. Ni shi nake yi kafin cika leda. A baza haɗin ƙasar kada kaurinsa ya wuce santimita 20, a jiƙa shi sosai, a rufe da farar leda garai-garai, a binne gefunan kada iska ta shiga, a bar shi mako 4 zuwa 6 a lokacin da rana ta fi zafi. Bambancin a bayyane yake.

Abu_Hafsa:
Ba baƙar leda ta fi ɗaukar zafi ba?

MalaminGona:
Baƙar ita kanta take yin zafi, farar kuwa tana barin hasken ya ratsa ya dumama ƙasar, zafin ya kasa fita. Masanin da ya fito da hanyar a rubuce, Yaakov Katan na Isra'ila, a 1976, da farar ya yi. Akwai ma wani abu game da aya-aya: tsinin tohonta yana huda baƙar leda, amma a ƙarƙashin farar yana ganin haske sai ya buɗe ganye, ya kasa hudawa, zafi ya ƙone shi. Ƙwayoyin da ke zurfi dai suna tsira, kada a ce ta gama da ita.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ina da ja kaɗan a kan duk wata hanyar kashe komai da ke cikin ƙasa, ko turara ta a ganga ko gasa ta a wuta. Saiwar lemo ba ta da gashi sosai. Ta dogara da wata hunhuna mai amfani da ke zama a jikinta tana jawo mata sinadarin fosfaras. A Amurka an ga haka ƙarara: wuraren renon lemo da suka yi wa ƙasa hayaƙin guba, dashensu ya tsumbure, sai daga baya aka gano abokiyar saiwar ce aka kashe. In za a turara, digiri 70 na minti 30 ya wadatar ga yawancin iri da cututtuka. Masu ɗora ƙasa a kan wuta har ta ƙone suna ɓata ta ne.

Ummu_Sadiq:
Yallaɓai, zafin rana bai kai na wuta ba ai. Ni ban ga tsumburewa a nawa ba.

Tsohon_Ma'aikaci:
Na rana da sauƙi, Malama, ban musa ba. Ina dai so mai yi ya sa ido a kan girman dashen bayan nan, in ya ga ya tsaya ya san inda zai duba.

Baba_Lambu:
Akwai ta talaka wadda ba ta buƙatar leda ko ganga. Ka cika ledojinka tun da wuri, ka yi ta ba su ruwa ba komai a ciki. Ciyawa ta tsiro, ka shafe ta tana ƙarama ba tare da ka tona ƙasar ba. Ka sake ba da ruwa, ta sake fitowa, ka sake shafewa. Sannan ka dasa. Irin da ke sama ya ƙare, na ƙasa kuma ba ya tsirowa muddin ba ka juyo shi ba. Haka ake yi wa komin iri ma, can ne ma ya fi amfani, don irin lemo yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya fito, ciyawa ta riga shi nesa.

SabonMaiReno:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Feshi a kan dashe na fasa. Gobe za mu fara cira yadda Baba ya ce, mu ware masu aya-aya, in nemi ɓuntu irin na Hajiya. Hanyoyin ne ban yanke shawara ba, nawa matsattsu ne, ko soso ko tabarma. Tambaya ɗaya ta rage: ina da takin zamani da zan sa wannan makon. In sa kafin ɓuntun ko bayansa?

Hajiya_Furanni:
Kafin. Ka gama cira, ka sa ɗan kaɗan a gefen leda nesa da tushe, ka ba da ruwa, sannan ka rufe.

MaiYabanya:
Ni da zan jira kamar mako ɗaya bayan cirar. Saiwar da aka taɓa ba ta son taki nan take, tana iya ƙonewa. Ya sa ɓuntun yanzu, in lokacin ya yi ya narkar da takin a ruwa ya zuba ta kai.

Hajiya_Furanni:
In ciyawar manya ce ya yi ta zara, maganarka ce. In yankewa ya yi kamar yadda Baba ya nuna, ban ga abin jira ba. @SabonMaiReno wane irin taki ne a hannunka, yuriya ko mai haɗi uku?